Baba, Me Za Mu Gani a Tamawa?

Na so a wannan mako in ci gaba da batun da muka faro na jarrabawar shiga jami'a, sai dai wata tambaya da yaro ɗan shekara 11 ya yi mini a kan tabarmar cin tuwo ta hana ni sakat. Ina neman afuwarku, yau za mu ɗan ratse.

Da aka ba da dogon hutu, yarana suka tasa ni gaba da maganar inda za a kai su. 'Ya'yan maƙwabcinmu na dama an tafi da su Abuja, na hagu kuwa an ce har Dubai. Albashin malamin jami'a kun san inda ya tsaya, don haka na ce su shirya, ranar Asabar za mu je gida, Tamawa, a can ƙasar Kurfi, mu kwana biyu. Sai babban ya ɗago kai ya dube ni, babu raini a fuskarsa, da gaske yake neman sani, ya ce: "Baba, to me za mu gani a Tamawa?"

Na buɗe baki na rasa abin faɗi. Ni da na kwashe shekaru ina tsayuwa gaban ɗalibai ina amsa tambayoyi, sai ga ɗan firamare ya ƙure ni a kan garin da aka binne cibiyata. Abin da ya ɗaure mini harshe shi ne, ban taɓa zama na dubi garin a matsayin wurin da ake zuwa don a gani ba. A wurina, da wurin mafi yawanmu da boko ya kwaso ya zube a birane, gida wurin gaisuwa ne da ta'aziyya da ɗaurin aure. Mukan shiga da hantsi, mu durƙusa a zauruka huɗu ko biyar, mu raba 'yan kuɗin goro, kafin la'asar mun kama hanya. Yaran da muke ɗauka suna zaune a mota ko a ɗakin kakarsu suna latsa waya, ba wanda ya taɓa kama hannunsu ya ce zo ka ga wani abu. Ashe kuwa tambayar yaron tana kan hanya.

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun taka har Gwanja fataucin goro, sun keta Barno da Wadai da Sudan a ƙasa don sauke farali, wasu sai bayan shekara bakwai ake ganinsu, wasu kuma can suka zauna. Ga ci-rani, ga tafiya gabas neman karatu. Amma kowace tafiya daga cikin waɗannan tana da abin da aka je nema. Mutum ya bar gidansa don kawai ya je ya tsaya gaban dutse ko ruwa ya kalla, wannan a idon dattawanmu ya fi kusa da gantali. Kalmar "yawon buɗe ido" ma a rediyo yawancinmu muka fara jin ta, kuma kullum tare da Turawa take zuwa, har ta zauna mana a rai cewa sana'ar baƙi ce. Alhali kuwa mu ne muka ce gani ya kori ji, mu ne muke yawon Sallah, mu ne muke cika Ƙofar Soro kallon hawa. Abubakar Imam da ya dawo daga Ingila a tafiyarsa ta 1943, karin maganar da ya zaɓa ya sa wa littafinsa suna ita ce Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ga kuma Alƙur'ani mai girma, wanda a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba halitta, mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Saboda haka mai cewa kallon ƙasa baƙon abu ne a al'adarmu ko addininmu, sai ya sake bincike.

To, me ke akwai a wannan yanki da ya cancanci a gani? Da na natsu a daren nan na fara lissafi, sai na ga abin ya fi ƙarfin kwana biyun da na ware.

Na farko duwatsu. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi da damina, ya san abin da nake nufi: gonakin gero da dawa kore shar iyakar ganinka, can kuma sai ka hangi dutse ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili, baƙi wuluk in ruwa ya wanke shi, wani mulmulalle kamar an kife ƙwarya, wani kuma an ɗora masa ƙanana a ka kamar da hannu aka jera. Garin Dutsin-Ma kansa daga irin wannan dutse ya samo suna, domin kamar yadda ake ba da labari, wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a wurin. Mu da muka tashi a ƙauyukan nan, duwatsun su ne makarantarmu ta biyu. A kan falalensu mata ke shanya tsaba da kuɓewa, a ramukansu ruwan sama ke kwanciya har bayan ɗaukewar damina, a kogunansu rema ke leƙowa ta koma. A gindinsu muka san kanya da ɗinya da tsada da faru, muka san wacce ake ci ɗanya da wacce ake jira ta faɗo, muka koyi bambanta sawun damo da na guza. Ɗana bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya san sunan dabbobin Afirka ta Kudu da yake gani a talabijin, amma da na ce masa rema, sai ya tambaye ni ko sunan mace ne.

Duwatsun nan kuma tarihi ne. Wanda ya karanta littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, ya san irin nauyin da malamin ya ba yanayin ƙasa, koguna da dazuzzuka da duwatsu, wajen gane dalilin da ya sa mutane suka zauna inda suka zauna. Dutse mafaka ne ranar yaƙi, wurin tsaro ne da ake hango mahara tun daga nesa, kuma kafin Musulunci ya kafu wurin tsafi ne. Shi ya sa Kano take da Dala, Zazzau take da Kufena, Zamfara take da Kwatarkwashi. Namu na ƙasar Kurfi da ƙasar 'Yandaka ba su da suna irin na waɗancan, amma kowanne yana da labarinsa, labarin kuwa yana cikin kan wani tsoho da ke zaune a wani zaure yanzu haka.

Bari in tsaya a kan wani abu da na tabbata ɗalibai da yawa 'yan asalin Kurfi ba su taɓa ji ba. A watan Maris na 1853, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga birnin Katsina zai tafi Sakkwato a cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Ba su miƙe yamma kai tsaye ba, saboda tsoron mayaƙan Gobir da na Maraɗi da ke kai hari a wancan zamani, sai suka karkato kudu, suka bi ta Kuraye, suka zo Kurfi, suka wuce Zakka, sannan suka ratsa daji suka nufi Zurmi. Kurfi ta wancan lokaci ta burge shi ƙwarai. Ya yi bayanin duwatsun da ke wurin, ya yi bayanin ganuwa da ramukan tsaro da mutanen garin suka kewaye kansu da su, har ya zana fasalinsu a littafin tafiyarsa. Wato yau fiye da shekara 170 ke nan da wani baƙo ya taso daga Turai, ya tsaya a ƙasarmu, ya ga abin da ya isa a zana a kai wa duniya. Littafin yana nan a ɗakunan karatu na Landan da Balin, yana nan a intanet kyauta. A Kurfi kuwa babu ko allo guda da ke shaida wa mai wucewa cewa an yi haka. Akwai kuma abin lura a labarin: ayarin Barth hanya ya sake saboda rashin tsaro, kuma ta gefen dajin nan ne da har gobe muke ambata da fargaba. Ganuwar da ta burge shi ma tsoro ne ya gina ta. Yaron da aka kai wurin aka ba shi wannan labari zai gane cewa halin da ya buɗe ido ya tarar an taɓa shiga irinsa, an kuma fita.

Na biyu ruwa. Ba mu da teku, amma muna da Zobe. Madatsar ruwan Zobe da ke kudu da Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa, an kammala ta a 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari. Tsawon bangonta ya haura kilomita biyu da rabi, kuma an tsara ta riƙe ruwa fiye da mita miliyan 170 ta ma'aunin cikin tanki, don a shayar da birnin Katsina da garuruwan kewaye, a kuma yi noman rani a kadada dubbai. Abin da ya biyo baya sananne ne. Ruwan ya kwanta shekara da shekaru yana kallon mutane suna kallonsa, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin tace ruwan da tura shi. Shekara 38 tsakanin gina madatsa da buɗe famfo. Wannan kaɗai darasi ne da ya kamata a kai ɗaliban kimiyyar siyasa bakin ruwan a karantar da su a can.

Amma ni yau ba ta wannan fuska nake duban Zobe ba. Ina maganar yadda wurin yake da sassafe, lokacin da masunta ke dawowa da kwale-kwalensu da tarwaɗa da karfasa, balbelu sun yi fari fat a bakin gaɓa, iska mai sanyi na tasowa daga ruwan da ba ka iya hango ƙarshensa sosai. Yaron da ya tashi a Katsina ko Kano, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba, in ka tsayar da shi a nan ka ba shi abin da zai riƙe har tsufa. Matasa kuwa ba su jira izinin kowa ba, da ma can sukan je irin waɗannan wurare da Sallah, su hau jirgi, su ɗauki hoto. A nan ne hankalina ke tashi. Babu rigar kariya daga nutsewa, babu mai ƙidaya mutum nawa jirgi zai ɗauka, babu mai ceto da aka ajiye. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙaramar hukumar Mai'aduwa da ƙaramar Sallar 2022 ba, inda kwale-kwale ya kife da yara masu yawon Sallah, aka yi asarar rayuka da dama. Masu zuwa kallon ruwa suna nan tun ba yau ba. Tanadin da zai sa su komo gida lafiya shi ne babu. Kuɗin rigunan kariya ɗari bai kai na tayoyin motar rakiya guda ba.

In an faɗaɗa da'irar kuwa zuwa tafiyar awa ɗaya ko biyu, sai lissafi ya yi yawa: Hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce, rijiyar Kusugu a Daura, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka yi tono a 1907 da 1992 aka samo kayan zinariya da tagulla da hauren giwa. Waɗannan an sha rubutu a kansu, ba zan maimaita ba. Zan dai so kowane mai karatu ɗan jihar nan ya tambayi kansa guda nawa ya taɓa kai iyalinsa.

Wani tsohon ɗalibina da ke ƙaro karatu a ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, ya taɓa aiko mini da hotuna daga wata gunduma tasu mai suna Kerry, a kudu maso yammacin ƙasar, inda duwatsu suka gangaro har bakin tekun Atlantika. A can ne dutse mafi tsawo a ƙasar yake, ya ɗan haura mita 1,000. Akwai tafkunan Killarney da gandun da aka keɓe tun 1932, akwai hanyar da ta zagaye gaɓar teku kusan kilomita 180 wadda motocin baƙi ke bi kullum, ana hawan dutse, ana shiga jirgin ruwa, ana yawo a keken doki. Har wani biki suke yi kowane watan Agusta a garin Killorglin, inda ake kamo bunsurun daji a naɗa shi sarki na kwana uku, mutane su yi ta tururuwa daga ƙasashe suna kallo. Da na ga wannan na yi dariya, na ce ashe da wasan tashe da naɗin sarkin gwauraye a can suke, da yanzu da tikiti ake kallonsu.

Hotunan sun sa na koma na karanta tarihin wurin, abin da na tarar kuwa ya fi hotunan amfani. Kerry ƙasar talakawa ce, mai duwatsu da ƙarancin ƙasar noma. Yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan guda ta kuma kori fiye da haka zuwa Amurka da wasu wurare, ta yi wa gundumar mummunan ɓarna, har yau yawan jama'arta bai koma yadda yake kafin yunwar ba. Duwatsun da suka hana su noma su ne yau suke ciyar da su. Kuma da hukumar yawon buɗe idon ƙasar ta so haɓaka gaɓar yamma baki ɗaya a 2014, ba ta gina sabuwar hanya ba. Tsofaffin hanyoyin ƙauye ta haɗa, kimanin kilomita 2,500, ta ba su suna guda, ta kafa alluna, ta gyara wuraren tsayawa, ta rubuta labarin kowane wuri a inda mai wucewa zai karanta.

Daga ina suka samo labaran? Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A 1937 da 1938, lokacin ƙasar tana fama da talauci, ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba, hukumarsu ta adana al'adun gargajiya ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi, aka umarci 'yan firamare su je wurin kakanninsu da tsofaffin unguwa su rubuto abin da suka sani: sunayen gonaki da duwatsu da rijiyoyi, tatsuniyoyi, magunguna, wasanni, labarin yunwa. Yara kimanin 50,000 daga makarantu wajen 5,000 suka yi aikin a cikin littattafan rubutu na makaranta. Littattafan suna nan a adane a Dublin, an ɗora su a intanet, jikokin waɗancan yara suna buɗewa suna ganin rubutun hannun kakanninsu. Ba a kashe wata dukiya ba. Fensir ne da takarda da malamin da ya ɗauki abin da muhimmanci.

Ba ina cewa mu kwaikwayi duk abin da ake yi a can ba. Akwai mashaya, akwai tsiraicin bakin teku, waɗanda ba namu ba ne, ba ma kuma son su. Sannan na san abin da mai karatu yake ta son ya faɗa mini tun ɗazu: Malam, kana maganar hawan dutse a ƙasar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa?

Gaskiya ne, kuma ba zan kewaye ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, muka yi watanni sai an yi tafiya kafin a ji lafiyar iyaye. A watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Safana da Batsari sun ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Duk wanda ya ce a kwashi yara a mota a kai su gindin wani dutse a cikin daji a irin wannan hali, ba ya ƙaunarsu. Ni ma da na ce kwana biyu, sai da na buga waya sau uku ina tambayar yadda hanya take.

Sai dai akwai kuskure biyu da nake ganin muna tafkawa a inuwar wannan uzuri. Na farko na hukuma ne. Duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido a ƙasar nan, Bature ake hange, da dalarsa da kyamararsa. Sai a yi maganar otal mai tauraro, a kafa kwamiti, a je baje koli a ƙasar waje. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwada wannan. Agadas ta rayu shekaru da baƙin Turai, jirage na sauka da su kai tsaye daga Faransa, matasa da yawa ba su da sana'a sai ja-gora da tuƙi da sayar da kayan azurfa. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, aka kuma soke tseren motocin Dakar a 2008, sai kasuwar ta mutu kamar an hure fitila, kuma shigar da tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da ita ba. Haka Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai, hari guda a watan Agusta na 2020 ya isa ya kore baƙi. Ita kuwa Kerry, da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama a wannan shekarar, 'yan ƙasar ne suka fito hutu a cikin gida suka riƙe ta. Baƙon da ya fi tabbas shi ne ɗan gida. A Dutsin-Ma kaɗai akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ɗalibai dubbai daga kowane sashe na Nijeriya suna shekara huɗu a garin su tafi ba wanda ya taɓa gaya musu ko wane ne Ma. Waɗannan su ne masu buɗe idon da muke da su a hannu, ba sai an ba su biza ba.

Kuskure na biyu namu ne, mu 'yan boko. Mun ce sai an sami zaman lafiya tukuna. To amma abubuwan da za a je gani ba su jiranmu. Masu fasa dutse suna cin duwatsun da nakiya da guduma, tifa na kwasa ana zuba wa a ginin birni. Sauran ganuwa ana haƙe ta ana yin bulo. Itatuwan kanya da ɗorawa sun tafi a buhunan gawayi. Mafi muni, tsofaffin da suka san sunaye da labarai suna ƙarewa, wasu mutuwa ta ɗauke, wasu hari ya tarwatsa ƙauyukansu suna zaman gudun hijira a gidajen 'yan'uwa a gari, inda ba mai tambayarsu komai sai ya aka ji da haƙuri. Ƙauyen da ya watse ba gidaje kaɗai ya rasa ba, har da sunan kowace fadama da kowace rijiya da ke kewaye da shi. In zaman lafiya ya dawo bayan shekara goma, in Allah Ya yarda ma kafin nan, za mu iya tarar da dutse a tsaye babu wanda ya san sunansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da yaran Ailan suka yi da fensir, ba ya bukatar kowa ya shiga daji. A zaure ake yin sa. Hukumar ilmin firamare ta jiha za ta iya sa shi a matsayin aikin hutu na 'yan aji biyar da shida. Sassan Hausa da tarihi da labarin ƙasa na jami'o'inmu da kwalejojinmu za su iya karkatar da kundayen kammala karatu zuwa nan, maimakon maimaita nazarin littafi guda da aka riga aka yi wa kundi hamsin. (Na san abokan aikina za su ce na taɓo su. Ni ma na duba irin waɗannan kundaye, na sa hannu, don haka har da ni.) Hakimai da dagatai su ne za su buɗe ƙofa, domin tsoho ba ya sakin baki ga baƙon da bai zo ta hannun mai gari ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha kuma ta zama ma'ajiya.

Mun je Tamawa ranar Asabar ɗin. Bayan gaishe-gaishe, maimakon in bar yaran a ɗaki, sai na ja babban zuwa zauren wani baffana da ya haura shekara tamanin, idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Na ce, "Baffa, ga abokinka na kawo maka, wai tambaya yake me ake gani a garin nan." Tsohon ya yi dariya har da tari, ya lalubo hannun yaron ya ce, "Kai ɗan birni, zauna nan. Ubanka ma bai san rabi ba." Ya fara daga rijiyar da aka fara haƙawa, da wanda ya haƙa ta, da dalilin da ya sa unguwar kaza take inda take. Ya faɗi inda aka ɓoye mata da yara a wata shekarar hari tun zamanin kakansa, ya faɗi shekarar fari da aka ci abin da ba a ci, ya lissafa sunayen gonaki da fadamu ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Rabin abin da ya faɗa ban taɓa ji ba, ni da nake taƙama da digiri uku. Yaron ya karɓi wayata ya danna ɗaukar murya ba tare da na ce masa komai ba. Da aka zo wani labari sai tsohon ya tsaya, ya ce wannan wane ne ya fi shi sani, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai bara ya rasu.

Da la'asar wani ƙanena ya raka mu bayan gari kaɗan, iyakar inda ya ce hankalinsa ya kwanta, muka hau wani ɗan falalen dutse muka hango gonaki har inda ido ya gaza. Ba mu daɗe ba, ya ce mu sauka tun da sauran rana. A hanyar dawowa yaron ya tsinci ɗinya ya ci, ya yamutsa fuska, ya sake tsintar wata.

Muryar Baffa ta minti 47 tana cikin wayata, na kuma sa yaron ya rubuta ta a littafi kafin a koma makaranta. Ya kai shafi na tara. Mai karatun da ke da irin wannan tsoho a gida, a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma ko ko'ina, ya zauna da shi a wannan hutu, ya rubuto mana sunan dutse ko tafki ko kufai guda ɗaya na garinsu da labarin da ke bayansa, ta adireshin jaridar nan. Na roƙi Edita, ya kuma amince zai ba mu rabin shafi a makon ƙarshe na wata mai zuwa mu buga waɗanda suka iso.